Tattasai Ya Yi Halin Ruwa

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Akan faɗi haka idan ɗa ya tashi bai ɗauko kyawawan halayen waɗanda suka rene shi ba, domin ruwa ne ke raya albasa, ga shi kuwa ruwa ba ya wari, ba ya sa hawaye. To, ni ban isa in yi gardama da magabata ba, amma dai zancen albasa suka yi. Shi tattasai, iyakar abin da na gani da idona, yakan yi halin ruwa, ya yi halin ƙasa, ya kuma yi halin lokacin da aka dasa shi. Ban san haka a banza ba, sai da zumuncin gidanmu ya kusa tsinkewa a kan wannan magana, kuma da hannuna a ciki.

Ni mutumin ƙasar Kebbe ne, a kudancin Jihar Sakkwato. Na ce Kebbe, ban ce Kebbi ba, don na gaji da yi wa abokan karatuna gyara. Mahaifina manomi ne, rani da damina. Garkarsa tana cikin fadamar Gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa daga wajen Gummi ya nufi Jega. Kowace damina ruwa kan malale wurin, in ya janye sai ya bar baƙar laka mai laushi, wadda idan ka dunƙula ta a hannu takan tsaya, in ka murza kuma ta warware. Ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashinta. A zamanin kakana da jigo ake ban ruwa, amma tun da shirin Fadama na gwamnati da Bankin Duniya ya yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injuna a shekarun 1990, sai jigo ya zama labari. Baba yakan sa albasa da tumatir da barkono, wanda mu a wajenmu tonka muke ce masa, amma abin da aka san shi da shi tattasai ne. Irin da yake shukawa nasa ne na kansa. Kowace shekara yakan zaɓi manyan 'ya'ya masu kauri, ya bar su su nuna jawur a jikin uwa, ya shanya a inuwa, ya ɗure ƙwayar a cikin kwalba. Da kuɗin wannan tattasai aka saya mini allo, da shi aka ɗinka mini kayan makaranta, da shi kuma ake biya mini kuɗin rajista a jami'a.

Kawuna kuwa, watau ƙanen mahaifiyata, a Tambuwal yake zaune. A gidansa na yi shekara shida ina makarantar sakandare, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba. Shi manomin gero da wake ne, yana kuma ɗan taɓa kasuwanci. Yana da wani fili a bayan gari, a gefen tudu, ƙasar rairayi ce, da rijiya a kusurwarsa. A kakar 2023 ya yanke shawarar shi ma ya gwada noman rani, saboda an sa ranar auren babbar 'yarsa bayan ƙaramar salla, yana neman abin da zai yi mata kayan ɗaki. Ya sayar da raguna biyu, ya sayi tsohon injin ban ruwa, ya aika wa Baba cewa a ajiye masa dashen tattasai.

Baba ya zuba iri a wurin reno a ƙarshen watan Satumba. Bayan kamar mako shida, a farkon Nuwamba, ya cire nasa ya dasa, ya bar wa Kawu gefe guda. Amma Kawu bai shirya ba, wakensa bai gama shiga rumbu ba, injin kuma yana wajen mai gyara. Sai a farkon Disamba ya aiko a kai masa. Ya zamana na zo gida a wannan mako, don haka ni aka aika. Da muka je cirowa, na ga dashen ya yi tsawo ya zama siriri saboda cunkoso, wasu ma har sun fara huda. Baba ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce mini, "Dashen ga ya tsuhwa. In ka tahi ka hwaɗa ma kawunka, in ya iya hanƙuri shi sa albasa bana, tattasai sai baɗi."

Na lulluɓe dashen da jiƙaƙƙen buhu, na shiga mota. Da na isa Tambuwal na tarar Kawu ya gama gyara fangalai, yana ta murna kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Sai na ji nauyin in ɓata masa rai, na haɗiye saƙon Baba. Wannan shi ne laifina na farko. Da muka tsuguna za mu fara dashe, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, mi littahinku yac ce?" Ni kuwa da ban taɓa buɗe littafin aikin gona ba tun da na bar sakandare, maimakon in ce ban sani ba, sai na yi lissafin kasuwa. Na ce idan aka matsa su kusa da juna, fangali ɗaya zai ɗauki ninki biyu, amfani ma ya zo ninki biyu. Baba kamu guda yake bari tsakanin tushe da tushe, mu kuwa muka bar taƙi ɗaya. Na ƙara da cewa ya riƙa zuba takin yuriya a kai a kai, don na ji ana cewa ta fi kowane takin zamani ƙarfi. Laifi na biyu da na uku ke nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da farko abin ya yi kamar zai yi kyau. Bayan dashen ya sha wuya a cikin sanyin hunturu, sai ya farfaɗo a ƙarshen Janairu, ya yi ganye kore shar, fangalai suka cika har ba a ganin ƙasa. Masu wucewa suna yi wa Kawu barka. A daidai wannan lokaci Baba ya riga ya fara tsinka, yana cika kwanduna da tattasai manya-manya, wani ya fi tafin hannuna tsawo. Kawu ya ce ba kome, nasa na tafe.

Sai zafi ya shigo. Kowa ya san bazarar 2024, wadda azumi ya faɗo a cikinta daga 11 ga Maris. A farkon Afrilu na wannan shekara aka auna zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma a ƙasar Sakkwato ya sha haura 40. Tattasan Kawu ya yi fure kamar an watsa masa farin gero, amma kowace safiya sai a tarar furen ya zube a gindi. Ga kuma tsadar mai. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 cikin 'yan watanni. Kawu ya koma ba ya ta da inji sai bayan kwana biyar ko shida, ranar da ya tayar kuwa sai ya cika fangalai maƙil, wai don ya rama musu. 'Yan 'ya'yan da suka kama suka fito ƙanana, a karkace, wasu da baƙin tabo a gindi. Inda Baba ke samun kwando huɗu, Kawu da ƙyar yake haɗa ɗaya, shi ma dillalai suna yi masa tayin wulaƙanci. Ko kuɗin ragunansa bai mayar ba. Aka ɗaga bikin.

Ranar salla, 10 ga Afrilu, Kawu bai aiko da gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Bayan kwana kaɗan magana ta iso gidanmu ta bakin wata mai kai-kawo, wai Kawu ya ce, "Iri mai kyau ya aje ma kainai, ni yab ba ni ragowa." Baba bai ce uffan ba, amma ya daina ambaton Tambuwal. Inna ce abin ya fi ci. Na same ta da dare tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Ɗan'uwana da mijina, wa za ni bi, wa za ni bari?" Ni kuwa na san abin da na binne, amma bakina ya yi nauyi.

Kafin in koma makaranta na bi ta Tambuwal, na roƙi 'yan tattasai kamar goma daga cikin na Kawu. Na kai wa wani abokina da ke karatun aikin gona, na kwashe labari duka na faɗa masa, ban rage nawa laifin ba. Bai ce kome ba sai da ya ɗauki wuƙa ya tsaga guda. Ya ce in ƙidaya ƙwayar da ke ciki. 'Yan kaɗan ne ƙwarai, alhali kuwa na Baba cikinsa cike yake da ƙwaya. Daga nan ya warware mini al'amarin daki-daki, ni kuma daga baya na bi littattafan da ya ara mini, na tarar haka abin yake.

Abu na farko lokaci. Tattasai yana son ɗumi matsakaici, tsakanin digiri 20 da 30. Idan sanyi ya yi yawa sai girmansa ya tsaya, idan kuma zafin rana ya kai wajen 35, dare bai huce ba, sai garin da ke cikin fure, wanda da shi ne fure ke ɗaukar ciki, ya lalace. Furen da bai samu wannan gari ba faɗuwa yake yi. Wanda ya samu kaɗan yakan kama, amma da 'yar ƙwaya kaɗan, girman ɗan tattasai kuwa yana tafiya ne da yawan ƙwayar da ke cikinsa. Baba ya dasa a Nuwamba, shukarsa ta kafu kafin tsananin hunturu, ta yi fure ta ɗaura 'ya'ya kafin bazara. Kawu ya dasa a Disamba, sanyi ya riƙe shukar tana ƙarama, zafi kuma ya tarye ta tana fure. Wata guda kacal ne tsakaninsu, amma shi ya raba su. Bugu da ƙari, dashen da ya wuce mako shida zuwa takwas a wurin reno, saiwarsa kan sarƙe da ta 'yan'uwansa ta tsittsinke wajen cira, ya daɗe bai murmure ba. Abin da Baba ya gani ke nan ya ba ni saƙon da na haɗiye.

Na biyu ƙasa da ruwa. Saiwar tattasai ba ta zurfi sosai, a saman ƙasa take kiwo. Lakar fadama tana riƙe danshi kwana da kwanaki, rairayi kuwa kamar rariya yake, ruwa na shiga yana wucewa, ya tafi da takin da aka zuba. Saboda haka mai noma a rairayi ya fi mai fadama bukatar ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya kuma fi shi bukatar takin dabbobi wanda zai sa ƙasar ta riƙe laima. Kawu akasin haka ya yi, ƙishi na kwana biyar, ambaliya ta yini guda. Wannan baƙin tabo da ke gindin 'ya'yan ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba ne. Wani sinadari ne mai suna kalsiyam, wanda ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa ya kai wa ɗan tattasai, in ruwan ya yanke sai gindin ɗan ya rasa rabonsa ya ruɓe. Har wa yau, shukar da ta sha ƙishi sau da yawa 'ya'yanta sukan fi yaji. Na tuna matar Kawu ta ce tattasan nan ɗan ƙarami ne amma sai ka ce an gauraya shi da tonka. Kada kuma mai karatu ya zaci yawan ruwa ne magani, domin in ruwa ya kwanta a gindin tattasai ya daɗe, saiwar ruɓewa take yi, shukar ta yi yaushi ta mutu tana tsaye cikin ruwa.

Na uku tazara, wadda a nan ne lissafina ya rushe. Tushe biyu a wurin da ya kamaci ɗaya ba ninki biyu suke bayarwa ba, rabon ɗaya suke rabawa, ruwa da taki da hasken rana. Kowanne sai ya miƙe sama yana neman haske, ya ƙi yin rassa, a mararrabar rassa kuwa fure ke fitowa. Littattafan sun ce a bar kamar santimita 45 zuwa 60. Da na auna kamun Baba da abin awo, sai na ga bai fita daga wannan ba, shi da bai taɓa riƙe littafin boko ba.

Na huɗu taki. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, aikinsa kuwa ganye. In ya yi yawa sai shuka ta shagala da ganye ta jinkirta 'ya'ya. Wannan koren da mutane ke yi wa Kawu barka a kansa, shi ya zame masa kaya da zafi ya zo, domin kowane ganye baki ne mai shan ruwa. Ganye mai taushi kuma shi darɓa ke so, ita kuwa darɓa ba tsotso kaɗai take yi ba, tana ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganye daga wannan tushe zuwa wancan. Baba takin shanu yake zubawa tun kafin dashe, ya bi da ɗan kamfa, yuriya kuwa sai ɗan barbaɗe.

Abokina ya rufe da cewa asalin tattasai da attaruhu da barkono duka daga nahiyar Amurka suke, ba a san su a sauran duniya ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492, fataken Fotugal suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka da Indiya. Ya ce dangin tattasan nan namu ne ake nomawa a bakin Komadugu Yobe a yankin Diffa ta Nijar, su ne kuma Turawan Holan ke renonsu cikin ɗakunan gilashi, inda suke auna musu zafi da ruwa da taki kamar majinyaci, su yi tsawo su wuce mutum. Iri yana da iyakarsa, attaruhu ba zai zama tattasai ba ko da a bakin kogi aka dasa shi. Amma kaiwa ga wannan iyaka ko kasawa, wannan aikin wuri ne da kulawa.

Na samu hujja, amma na san Kawu ba zai karɓi hujjar takarda ba, tun da takarda ce ta kai shi ta baro. Gani ya kori ji. Sai na shanya ƙwayar da na ciro daga 'yan tattasansa, na adana. Da kaka ta zagayo na durƙusa gaban Baba na faɗa masa gaskiya, cewa saƙonsa bai isa Tambuwal ba, kuma ni na ba da shawarar matsi da yuriya. Ya yi shiru har na ƙosa, sa'an nan ya ce, "Ka yi wauta, amma ka hi wanda yab ɓoye." Na roƙe shi fangali ɗaya in shuka ƙwayar Kawu. Ya ce, "Ba a ɗibar iri ga ƙanƙanen ɗiya." Gaskiya ya faɗa, domin mai zaɓen iri daga lafiyayyar uwa yake zaɓa, don gudun cuta da lalacewar iri. Na ce na sani, shaida nake nema ba amfani ba. Ya ba ni fangalin da ke bakin hanya.

Daga nan na wuce Tambuwal na maimaita wa Kawu abin da na faɗa wa Baba. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ya dube ni ya ce, "Kana son ka ɗauke ma babanka laihi na." Na ce a'a, ya dai yi mini alfarma guda, in na aiko masa ya zo.

An zuba ƙwayar Kawu rana ɗaya da ta Baba, aka dasa su rana ɗaya, kamu guda tsakani, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Ba duka suka tsiro ba, amma waɗanda suka tsiro, kafin ƙarshen Janairun 2025 in ba don sandar da na kafa ba, ba mai iya nuna inda fangalin Kawu ya ƙare na Baba ya fara. Na aika masa. Sai da Inna ta ƙara da nata aiken, sa'an nan ya zo. Ya tsaya bakin fangalin, ya tsinki guda, ya juya shi a hannu, ya ce, "Wanga jikan nawa na?" Na ce nasa ne. Ya tsaga shi da farce, ya ga ƙwaya cike. Can ya nisa ya ce, "Ashe ba iri ba na. Ƙasa ta, da ruwa." Baba da ke tsaye a bayansa ya ce, "Da lokaci." Kawu ya juya ya ce, "Malam, ka yahe min." Baba ya ce, "Ba ka yi min komi ba. Ni ma da na taka na zo da kaina, da ba a kai haka ba." A ranar tare suka ci tuwo, aka cika wa Kawu kwanduna ya tafi da su. An yi bikin 'yarsa bayan salla, shekara guda cif bayan ranar da aka sa da fari.

Ba zan ce rairayin Tambuwal zai koma fadamar Kebbe ba. Amma Kawu ya fara tara takin tumakinsa a filin, ya ce zai rage yawan fangalai zuwa abin da mansa zai iya shayarwa, ya dasa da wuri, ya kuma rufe gindin shuka da tattaka don danshi ya daɗe.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne na lura mun fi saurin tuhumar iri da tuhumar garka. Da abu ya lalace sai mu ce asalinsa ne ba kyau, domin wannan ba ya bukatar bincike, ba ya kuma ɗora mana laifi. Na yi firamare da yara waɗanda suka fi ni kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, yau wasunsu ko wasiƙa ba sa iya karantawa, har ana cewa su dama can ba na karatu ba ne. Duk lokacin da na ji haka, sai in tuna da fangalin nan na bakin hanya. Na kuma koyi cewa idan dattijo ya tambaye ni abin da littafi ya ce, ban kuwa karanta ba, babu abin kunya in na ce ban sani ba.

Allah ya ba manomanmu rani mai albarka, ya kuma tsare mana zumunci, amin.